Kafin a ƙwace wayar, a duba abin da yaron yake yi da ita

 

Makonni uku da suka wuce na je gida Potiskum, sai na tarar da gidan ƙanena ba daɗi. Babban ɗansa, mai shekara 14, ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki, uwar tana ta kumbure-kumbure, uban kuma ya kulle wayarta a durowa ya fita da makulli. Laifin yaron shi ne an kama shi wajen ƙarfe ɗaya na dare ya lulluɓa da bargo yana latsa waya. Da asuba sai da aka yayyafa masa ruwa kafin ya tashi, daga makaranta kuma an aiko cewa gyangyaɗi yake yi a aji.

Da ƙanen nawa ya dawo daga kasuwar hatsi, ko zama bai gama yi ba ya ce, "Yaya, gem ya cinye mini yaro. Ina can ina fama da buhuna tun safe, shi yana nan yana buga Mario."

Bayan sallar Isha'i na kira yaron ɗaki na tambaye shi wane irin gem ne wannan da ya fi barci daɗi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, wallahi ba bugawa nake yi ba, zanawa nake yi." Sai ya zaro wani littafin lissafi mai gida-gida daga ƙarƙashin katifa ya miƙo mini.

Gani ya kori ji. A shafin farko tirela ce ɗauke da shanu, irin waɗanda ke fita daga kasuwar shanu ta Potiskum suna nufar Kudu. Babu layi ko ɗaya da aka ja a jikinta. Gida-gida ya bi yana cikewa da kala, wani ja, wani baƙi, wani ya bar shi fari, har ƙahonin shanun suka fito. A gaba akwai keke Napep, da mai rake da baronsa, da hasumiyar masallaci. Sai wani ɗan gajeren mutum mai gashin baki, sanye da babbar riga da hula zanna, an zana shi sau uku, kowane da yadda ƙafarsa ta tsaya. Yaron ya ce idan ya kwafe su a wata manhaja ta waya ya jera su, sai mutumin ya riƙa tafiya. Burinsa ya sa shi a cikin tsohon wasan Mario a madadin Marion, ya riƙa tsallake buhunan gero.

Ga iyayen da ba su san abin ba, ga bayaninsa a taƙaice. Duk hoton da ke fuskar waya ko talabijin, ƙananan ɗigo ne masu kusurwa huɗu aka jera, ana kiran kowane ɗaya fiksel. Wayoyin yanzu suna da miliyoyinsu, shi ya sa ido ba ya ganin su. Na'urorin wasa na da kuwa ɗigonsu kaɗan ne. Wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda kwaikwayonta ya cika kasuwanninmu a shekarun 1990 da kaset ɗin nan da ake rubuta wasanni dubu-dubu a jikinsa alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, ɗigo 256 take nunawa a kwance, 240 a tsaye. Ƙaramin Mario na wasan 1985 tsayinsa ɗigo 16 ne kacal, kalarsa uku. Wanda ya ƙirƙire shi, Shigeru Miyamoto, ya sha bayyana cewa ƙarancin ɗigon ne ya sa aka ɗora masa hula don a huta da zana gashi, aka sa masa gashin baki don hancinsa ya fito. Masu wannan aiki a lokacin a kan takarda mai gida-gida suke fara zanawa, kamar dai yadda ɗan ƙanena yake yi. Wanda kuma bai ga wannan na'ura ba, ai ya ga macijin Nokia 3310, wadda fuskarta ɗigo 84 ce a kwance, 48 a tsaye.

Na'urorin sun tsufa, amma masu sha'awarsu a ƙasashe da dama ba su bar su ba. Suna zana sababbin mutane da gidaje da wannan tsohon salo, wasu su cusa su cikin tsofaffin wasannin, wasu su haɗa nasu wasan. A 2013 wani Ba'amurke mai suna Mike Mika ya sake zana wasan Donkey Kong na 1981 saboda 'yarsa mai shekara uku ta ce ita macen take son bugawa, sai ya juya labarin ya zama macen ce ke ceto Mario. Abin da yaronmu ke son yi ke nan, wato ya ga ɗan garinsu a cikin wasan.

Ina cikin duba littafin sai uwar yaron ta shigo da hular da take ɗinkawa a hannu. Na karɓa na ajiye ta kusa da shafin. Kowa a ɗakin ya yi shiru, don abu ɗaya ne. Mai ɗinkin hula tana bin zanen da aka yi mata gida-gida, tana ƙirga, tana sauya zare a inda ya dace, in ta kuskure gida ɗaya sai ta warware. Haka mai saƙar tabarma da mai faifai suke ƙirga kaba kafin ado ya fito. Wanda ya iya fitar da aska takwas a gaban babbar riga, ya san abin da ake nufi da a fitar da siffa da lissafi. Yaron bai ɗauko baƙon abu ba, a gindin uwarsa ya ga ana yi tun yana rarrafe. Ita da allura, shi da biro da waya.

Wannan ya sa nake roƙon iyaye mu riƙa bambancewa. Akwai yaron da waya ke zuba masa bidiyo ɗaya bayan ɗaya yana haɗiya har awa uku, in ka tambaye shi me ya gani ba zai iya faɗa ba. Akwai kuma wanda yake ƙirga, yana gwadawa, yana gogewa, a ƙarshe ya nuna maka abin da ya yi da hannunsa. Daga bakin ƙofa kamarsu ɗaya, dukansu sun duƙufa a kan waya. Sai ka matso ka leƙa za ka gane.

To amma kada a ɗauka na ba yaron gaskiya duka. Uban yana da hujja, kuma hujjarsa ta shafi lafiya.

Ta farko barci. Masana barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana, mai shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi Asuba, ko awa biyar bai samu ba. Hasken waya da dare yana jinkirta fitar sinadarin melatonin da ke sanar da jiki lokacin kwanciya ya yi, aikin da ke jan hankali kuma yana hana ƙwaƙwalwa lafawa. Sakamakon shi ne gyangyaɗi a aji, mantuwa, saurin fushi da ciwon kai. Zane mai kyau ba ya biyan bashin barci.

Ta biyu ido. Idan mutum ya ƙura wa waya ido, ƙiftawarsa tana raguwa sosai, sai idon ya bushe, ya yi ja, ya riƙa yaji. A garinmu da iskar hunturu ke zuwa da ƙura, abin ya fi tsanani. Aikin ɗigo-ɗigo kuma yana sa yaro ya kawo wayar dab da hancinsa. Daɗewa ana kallon abu na kusa tare da ƙarancin fita waje yana da alaƙa da matsalar rashin ganin nesa a wurin yara, kuma bincike ya nuna cewa zama a waje da rana na kimanin awa biyu a kullum yana rage haɗarin.

Ta uku zama wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. Game da ƙanana kuwa, jagorar da ta fitar a 2019 ta ce wanda bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya. Na kawo wannan ne saboda duk inda babban wa ya zauna da waya, ƙannensa na nan a kafaɗarsa.

Washegari muka zauna mu huɗu, ni da iyayen da yaron. Ga abin da muka tsayar, ko wani gida zai amfana.

Zane a takarda ake farawa. Littafi mai gida-gida da fensirin kala ba sa bukatar caji ko data, kuma za a iya yi a tsakar gida da rana. Sai zanen ya kammala a kwafe shi a waya, abin da ba ya wuce minti 30 zuwa 40.

Waya ba ta kwana a ɗakin yara. Bayan sallar Isha'i ta koma hannun uwar. Mun zaɓi Isha'i saboda lokaci ne da ba a musu a kansa, kowa yana jin kiran salla.

Aikin makaranta da na Islamiyya da aiken gida su ne a gaba. Ranar da ba a gama su ba, babu waya.

Duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita shida na tsawon daƙiƙa 20, a ƙifta ido da gangan. Na nuna masa bishiyar darbejiyar ƙofar gida na ce ita ce ma'auninsa. Wayar kuma ta yi nisan kamu biyu daga fuska, kuma kada a yi aiki da ita cikin duhu.

Ƙwallon yamma tana nan daram, ba a musanya ta da zane.

Duk abin da zai ɗora a intanet sai uwa ko uba sun gani. Akwai manhajoji da shafuka na kyauta irin su Piskel da Pixilart, amma wasunsu suna da wurin hira da baƙi. Babu ba da suna cikakke, ko lambar waya, ko sunan makaranta, ko hoton gida.

Uban ya kawo wata magana da na san tana zukatan iyaye da yawa, wato batun zana abu mai rai. Wannan fage ne na malamai, kowane gida ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da zan iya cewa shi ne, ko a gidan da ba a yarda da shi ba, aikin bai ƙare ba. Akwai motoci, da gine-gine, da bishiyoyi, da dagi, da zanen hula da ba ya ƙirguwa. Uwar ma tuni ta ce ya fitar mata da sabon zane ta gwada a hula.

Yaushe ya kamata hankalin iyaye ya tashi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya larurar jarabar wasan gem a cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa sarrafa lokacin da yake ba wasan, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, yawanci na tsawon wata 12 ko fiye. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kai wa wannan matsayi. Don haka ba duk yaron da ya yi dare ɗaya ko biyu ba ne ya kamu. Amma in yaro ya fara ɗaukar kuɗi a ɓoye don sayen data, ya daina wanka da cin abinci a kan lokaci, ya guje wa abokansa, yana ta da rigima duk lokacin da aka karɓi wayar, ko ya fara leƙa shagunan caca da sunan gem, to a nemi ma'aikacin lafiya, kada a tsaya ga bulala. Haka nan in yana matse ido kafin ya ga allo a aji, ko yana yawan kukan ciwon kai, a kai shi sashen ido na asibiti a auna shi. Kada a saya masa maganin ɗigawa a kemis ba tare da an duba ba, domin wasu magungunan idon suna da illa in aka daɗe ana amfani da su.

Ba na yi wa kowa alkawarin cewa wannan zane zai zama sana'a. Wataƙila nan da shekara biyu yaron ya watsar da shi ya kama wani abu. Amma haƙurin ƙirga gida 256 don fitar da mutum ɗaya, da iya gano kuskure a gyara ba tare da an yaga takarda ba, waɗannan za su bi shi duk inda ya je, ko ɗakin jarrabawa ne, ko shagon tela, ko Kwalejin Horar da Malaman Fasaha ta Tarayya da ke nan cikin garin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, sai dai mai tanƙwarawa yakan fara duba inda iccen ya karkata, in ba haka ba karyewa zai yi.

Ranar da zan dawo, ƙanena ya rako ni tasha. Muna tsaye wata tirelar shanu ta wuce, sai ya ce, "Yaya, kin san tayoyin da ya zana daidai suke? Na ƙirga." A aljihun rigarsa kuwa na hango sabon littafi mai gida-gida. Jiya uwar ta bugo mini ta ce sau ɗaya aka karya dokar Isha'i, aka hana shi wayar kwana biyu, bai yi musu ba. Za mu ga yadda sakamakon wannan zangon karatu zai kasance.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin sauraronsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.