Mai keke ba baƙo ba ne a kan titi

Wata Laraba da la'asar, a kan titin Zariya cikin Kano, na ga wani dattijo a kan tsohon kekensa, buhun alayyafo ɗaure a kariya da igiyar roba. Wata mota ta matse shi har madubinta ya doki gwiwar hannunsa, ya kife a bakin lambatu, ganyen ya watse a kwalta. Direban ya sauke gilashi ya ce, "Baba, ka gaji da duniya ne? Titi ba na keke ba ne!" Ya ja motarsa ya wuce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da suka taru. Sun ɗaga dattijon, sun kakkaɓe masa riga, sannan suka ce, "Baba, ka riƙa kaucewa mana."

Wannan ra'ayi ya yi kaka-gida a zukatanmu: titi na mai mota ne, mai keke alfarma ake yi masa. In ka ja da maganar sai a jero maka laifuffukansa. Ba ya tsayawa a danja, yana bin hannun da ba nasa ba, ba fitila da dare, ba lasisi, ba lamba.

Ban musa ba, wasu masu keke suna yin duk wannan, kuma kuskure ne. To amma wa ya fi keta danja a garin nan? Ka tsaya minti goma a kowace mahaɗa da babu jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirga ta Kano, ka ƙirga da idonka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bambancin kuwa babba ne. Mai keke in ya karya doka, ransa ya sa a gaba. Mai mota in ya karya, ƙarfe ne mai nauyin fiye da tan guda ya saki a kan mutane. Lasisin da ake yi wa mai keke gori a kansa, ai don wannan haɗari aka wajabta shi. Shaidar ɗaukar amana ce, ba takardar mallakar titi ba. Kwaltar da kuɗin jama'a aka shimfiɗa ta, har da na mai alayyafo.

Sannan a tambayi dalilin da ya sa yake bin hannun da ba nasa ba. Mun raba tituna da shingen kankare, wurin juyawa ya yi nisa, mun gina gadojin sama irin ta Ƙofar Nasarawa, duk da lissafin mai inji. Gefen titin da ya kamata ya zama nasa, motocin da aka ajiye da tebura da tarin yashi sun cinye. Ka hana mutum hanya, ka dawo kana zaginsa don ya ratse.

Wasu ƙasashen sun gane wannan bayan sun sha wuya. A Holan, a 1971 kaɗai, haɗarin mota ya kashe mutum fiye da 3,000, cikinsu yara sama da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, aka tilasta wa hukuma ware wa keke hanyarsa. A Birtaniya, tun Janairun 2022 ƙa'idar titi ta fito fili ta ce wanda ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa, kuma direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce mai keke. Mu kuwa, da Ojo Maduekwe yana ministan sufuri a 2001 ya yi kiran a koma hawa keke, mota ta ture shi yana kan kekensa a Abuja, sai muka mayar da abin dariya. Ba mu tambayi wane irin titi ne minista ma bai tsira a kansa ba.

Gaskiyar da muke ɓoyewa ita ce raini. Keke a idonmu alamar talauci ne, shi ya sa ake yi wa mai shi tsawa kamar yaro, ko da ya haifi direban. Alhali tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwa da yawa sun kakkaɓe kekunansu sun kai wa mai faci. Waɗannan su ne muke dannawa hon a keya.

Ina kira ga KAROTA da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa su hukunta direban da ya matse mai keke kamar yadda suke kama mai keta danja, gwamnati kuma kada ta ƙara buɗe sabon titi babu hanyar keke a gefensa. Mai keke, ka sa fitila, ka tsaya a danja. Kai kuma ɗan'uwana direba, gobe in ka hango shi a gabanka, ɗaga ƙafarka daga totur ka ba shi fili.