Ciwon suga: "Ka daina shan suga" kawai bai isa bayani ba

Duk ranar 14 ga Nuwamba ana tunawa da masu ciwon suga a duniya, a yi ta jawabi kan tsadar magani. Gaskiya ne kuwa. Tun da aka saki naira a 2023 kuɗin magani ya yi sama, kamfanin Sanofi mai yin insulin ma ya daina sayar da maganinsa kai tsaye a Najeriya, ya miƙa wa dillali. Amma akwai abin da ke korar mutanenmu daga asibiti a nan Kudu wanda ba a cika faɗa ba: yadda ake musu magana.

Ku tambayi masu wannan ciwo a Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan, labarin kusan ɗaya ne. Mutum ya yi sammako, ya yanki kati, ya zauna har azahar. Idan ya shiga, likita ya dubi takarda, ya dubi hularsa, ya ɗaga murya kamar yana magana da kurma: "Aboki, ka daina shan suga." Shi ke nan. Na taɓa raka mahaifina wani asibiti, likitan bai dube shi ba ko sau ɗaya, ni yake ta yi wa magana. Mutumin da ke lissafin kuɗin shanu talatin a ka, har da kuɗin tirela daga Potiskum zuwa Oko-Oba, wai shi ne ba zai gane lamba uku ba.

Alhali lambobin ba su da wuya. Gwajin safe kafin a ci komai, idan ya kai 126 kuma aka maimaita ya sake kaiwa, ciwon suga ne. Idan ya faɗi ƙasa da 70, suga ya yi ƙasa, ga rawar jiki ga zufa, a nemi abu mai zaƙi nan take. Gwajin HbA1c yana nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku. Metformin kan dami ciki da farko, shi ya sa ake shan sa da abinci. Glibenclamide da insulin na iya kayar da suga, musamman ga mai azumi. Minti nawa wannan bayanin zai ci?

Matsalar "ka daina shan suga" ita ce mutum zai daina sa suga a shayi, ya ci gaba da cin burodi rabi da safe, teba da rana, tuwon shinkafa da dare, yana ganin ya bi doka. Ba wanda ya gaya masa duk waɗannan suga suke zama a jini. In ya dawo lamba ta hau, sai a yi masa faɗa kamar yaro. Dattijo kuwa ba ya son a ci masa fuska sau biyu. Daga nan sai kemis, ko mai maganin gargajiya na cikin kara, wanda zai ba shi kujera, ya yi masa magana da Hausa, ya ce kwalba uku ta raba shi da ciwon har abada. Ƙarshenta gyambo a ƙafa, ko ido ya dushe, ko ƙoda ta taɓu.

Su ma likitocin a matse suke fa. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru. Wanda ya rage layi ya yi masa yawa. To amma wannan ciwo a gida ake jinyarsa. Likita na ganin ka minti goma, sauran watannin kai ne da kwanonka da allurarka. Majinyacin da bai gane ba zai dawo da babban ciwo, aikin likitan ya ƙaru.

Kuma ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa majinyaci bayanin ciwonsa da maganinsa, in da hali da yaren da yake ji, daidai da karatunsa.

Namu aikin shi ne mu daina shiga asibiti baki rufe. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta sakamakon gwaji da abin da ka ci. Ka tambayi sunan maganin, da lokacin sha, da yadda za ka yi da azumi. In da tafinta ka je, ka sa ya fassara kowace kalma, kada ya taƙaita. Sarakunan Hausawa da shugabannin kara kuma, yadda suke zama da hukuma kan haraji da fili, su zauna da asibitocin unguwanninmu a samar da tafinta ranar ganin masu suga. Muna da 'ya'ya nas-nas da ɗaliban lafiya da za su iya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.