A rubuta dokar gasa tun kafin a busa usur

Ɗan'uwa mai karatu, in kana bin gasar ƙwallon unguwanni a Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi, ka san inda rigima ta fi tasowa. Yawanci daga teburin kwamiti take farawa. Wa ya tsara jadawalin? Me ya sa ƙungiyoyi biyu mafiya ƙarfi suka haɗu tun wasan farko, ita kuwa ƙungiyar unguwar mai ba da kofi ta samu hanya ɓagas har wasan ƙarshe? Ga kuma dokar da ke sauyawa ana tsaka da gasa: jiya an yi canjaras an tafi fenariti, yau an yi canjaras an ce a dawo gobe a sake. Daga nan sai cacar baki, sai jifa, sai abokan da suka tashi tare su daina gaisawa.

Wannan ciwo yana da magani, kuma ba ya cin ko kwabo. Bari in ɗauko misali daga nesa, daga ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, domin su ma sun daɗe suna fama da tambayar wa zai kara da wa.

Duk watan Maris hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, tana shirya gasar sili ɗaya ƙwale, wadda aka mayar da ita ta ƙungiyoyi 68 a 2011. Kwamiti yana duba sakamakon kakar gaba ɗaya, ya raba ƙungiyoyin shiyya huɗu, ya jera su daga lamba 1 zuwa 16 a kowace shiyya. Ta 1 ta kara da ta 16, ta 2 da ta 15, har zuwa ta 8 da ta 9. Wanda ya yi ƙoƙari a kaka ya ci ladan ƙoƙarinsa, manyan kuma ba sa cinye juna tun da wuri. Ana sanar da jadawalin gaba ɗaya rana guda, kowa ya ga hanyarsa har wasan ƙarshe.

Za ka ce ai wannan gata ne ga manya. Akwai ƙamshin gaskiya, domin daga 1985 zuwa 2025 sau biyu kacal mai lamba 16 ta fitar da mai lamba 1 a gasar maza: UMBC ta lallasa Virginia da ci 74 da 54 a 2018, Fairleigh Dickinson kuma ta doke Purdue a 2023. Amma lambar nan guminka ne ke ba ka ita. In ƙungiyarku ta dage bana, baɗi ku ne a sama.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke sauya doka. Suna da ƙaramar gasa mai suna NIT, ta waɗanda ba su samu shiga babbar ba, kuma a can ake gwada sabon abu. A 2015 aka gwada rage lokacin da ƙungiya ke da shi na jefa ƙwallo daga daƙiƙa 35 zuwa 30, aka ga wasa ya ƙara sauri, aka mayar da shi doka a kakar da ta biyo. A 2018 aka gwada matsar da layin maki uku baya zuwa mita 6.75, aka sake gwadawa a 2019, sannan aka amince. A 2018 ɗin dai an gwada raba wasa gida huɗu, minti goma-goma, amma aka bar maza a kan rabi biyu na minti ashirin. Ka ga ke nan gwaji na iya karɓuwa, yana iya faɗuwa, kuma duk an sanar da shi kafin a taɓa ƙwallo.

Mu a Najeriya mun ga abin da rashin tanadi ke jawowa. A 2018 aka tsayar da Firimiyar ƙasar nan bayan wasa 24, aka ba Lobi Stars tikitin Afirka, ba wadda ta faɗi, har ƙungiyoyi suka zama 24 a 2019. A 2020 korona ta katse kaka, aka koma lissafin matsakaicin maki, Rivers United ta yi ta ƙorafi kan sa Enyimba a gabanta. Duk lokacin da aka nemo doka bayan kowa ya ga teburi, dole wani ya ji an yi masa ƙwange.

To, mu a arewacin Zamfara mun fi kowa buƙatar gwajin doka, saboda halin da muke ciki. Ƙungiyar da ta taso daga Zurmi ko Shinkafi zuwa Ƙaura tana son ta kama hanya da sauran rana, ba wanda zai so magariba ta riske shi a waɗannan hanyoyi. Ashe ƙarin lokaci na minti talatin ba namu ba ne. Me zai hana a gwada minti 35 kowane rabi, in an yi kunnen doki a wuce fenariti kai tsaye? Me zai hana a raba rukuni bisa kusanci, 'yan kowane gari su fara tacewa a gida, zakaru kaɗai su yi tafiya? A kuma rubuta hukuncin ƙungiyar da ta kasa zuwa saboda labarin hanya ba kyau: a ɗaga mata wasa ne, sau nawa, kuma wa zai tabbatar? Bai kamata yaro ya zaɓi tsakanin ransa da maki uku ba.

Sai dai a gwada waɗannan a gasar 'yan ƙasa da shekara 15, ko wasannin ajujuwa na makarantu, ko na sassan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura in ɗalibanta sun yarda. Wanda ya yi kyau a kai shi babban kofi, wanda bai yi ba a watsar.

Batun jere kuwa, littafi ɗaya na sakamako ya isa. Huɗun da suka kai wasan kusa da na ƙarshe bara su ja rukuni huɗu, sauran a jefa musu ƙuri'a a bainar jama'a, kyaftin-kyaftin na tsaye, wani na ɗauka da waya. A buga dokokin a takarda guda, kowane koci ya sa hannu, a tura hotonta a WhatsApp.

Kai da ke buga wasa, kafin ku biya kuɗin rajista a gasar Sallah mai zuwa, ku tambayi kwamiti takardar nan. In sun ce sai an fara za a gani, wallahi ku riƙe kuɗinku, ku ce ku ma sai kun gani za ku fara.