Tallafin Matasa Masu Sana'a: Wa Ya Ce Sai Mai Faransanci Ke da Dabara?



Kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya dawo Allakaye daga wani horo na mako guda da aka yi wa matasa "masu kawo sauyi" a birni. Ya zo da riga mai tambari, da takardar shaida, da hotuna cike da waya. Na ce masa, "To, jarin fa?" Ya ce ai gasa ce, mutum uku aka zaɓa, kuma duk ukun manhajar waya suka gabatar. Shi kuwa abin da ya kai shi shi ne rumbun ajiyar albasa. Tsohonsa ya sayar da rago aka yi masa kuɗin mota. Yanzu yana shirin tafiya cin rani Abijan.

Ba na ƙin waɗannan shirye-shirye. A Yamai akwai CIPMEN tun 2014, cibiyar da ke renon ƙananan kamfanoni. Gidauniyar Tony Elumelu ta Najeriya ta fara shirinta na tallafi a 2015 da alkawarin dalar Amurka miliyan 100 cikin shekara 10, tana ba wanda ya dace dala 5,000, wato wajen miliyan 3 na sefa. Kamfanin Orange yana da gasarsa tun 2011, kuma ɗan Nijar, Abdou Maman Kané, ya ci ta da dabarar ban ruwa ta wayar salula. Madalla da shi. Amma mu tambayi kanmu: ta wace ƙofa ake shiga? Sai ka cika takardu ta intanet, ka rubuta tsarin kasuwanci da harshen Turawa, ka tsaya gaban alƙalai ka burge su cikin ƴan mintoci. Wannan ba gwajin iya sana'a ba ne, gwajin iya baki ne. Yaron ƙauyen da sai ya hau tudu yake samun sabis an kayar da shi tun ba a shiga fili ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake yi mana magana kamar yau muka fara jin sana'ar da ke amfanar jama'a. Mu da muke Adar? A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, da taimakon CARE, kuma manoma sun ga amfanin abin a gonakinsu da idonsu. A Keita, daga 1984, da kuɗin Italiya da hukumar FAO, an farfaɗo da faƙon da kowa ya fid da rai da shi. Su wa suka ɗauki duwatsun a ka? Yawancinsu mata ne, iyayenmu da yayyenmu, ladansu abinci. A 1991 aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, a kan adashen da kakanninmu suka sani, yau kuma ana kwaikwayon tsarin a ƙasashe da dama na duniya. Babu ɗaya cikin matan nan da ta taɓa tsayawa gaban allo da makirufo. Da an sa musu sharaɗin gasar yau, da ko ɗaya ba ta tsallake ba.

Za a ce mini mai kuɗi yana da ikon zaɓar wanda zai ba, kuma ba a raba jari kamar goron suna. Na yarda. Sai dai in ka ce don talaka ka fito, to sai a auna ka da inda kuɗinka ya sauka. Kowa a Madawa da Galmi ya san ciwon manomin albasa: lokacin girbi kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, bashi ya sa ya sayar a wulaƙance, bayan ƴan watanni buhun ya ninka kuɗi a hannun wani. Wanda ya ajiye kuma a rumbun kara, ruɓa ta ci rabonta. Yaron da ya zo da maganin wannan ya fi amfanar mutum dubu bisa manhajar da ba mai buɗe ta. Laifinsa kawai, rumbu ba ya kyau a hoto.

Mu ma malamai muna da namu kason. Mun koya wa yara cewa takarda ita ce arziki, har suka ɗauki takardar shaidar horo tamkar jari. Ɗalibi ya gama firamare bai iya lissafa uwar kuɗi da riba a tiren gyaɗar uwarsa ba, amma ya haddace kogunan da bai taɓa gani ba. Wannan namu ne, ba na Yamai ba.

Ga abin da nake nema. Tunda a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, a karɓi buƙata da Hausa, a baki ko a rubuce. Alƙalan gasa su sauko Tawa da Buza da Keita ranar kasuwa su ga aiki a inda ake yin sa. A rage kuɗin otal da riguna, a ba ƙungiyoyin adashe ƙaramin jari su juya, don su ne suka san mai biyan bashi. Mu kuma a aji mu riƙa ɗauko darasin lissafi daga albasa da awaki da kuɗin mota.

Iyaye, in yaro ya zo da labarin horo, kafin a kwance rago a tambaye shi abu uku: mutum nawa za a ba jari, nawa ne, kuma ina waɗanda aka ba bara? In babu amsa, ragon nan shi ne jarinsa na gaskiya. A bar masa shi ya kiwata.

Allah ya sa mu dace.