Ya San Ranar Pillars, Ya Manta Tawa

Yau da ɗan takaici na ɗauki biro, sai ku yi haƙuri da ni.

Juma'ar da ta wuce na ƙara shekara. Tun hantsi na zauna aka yi min lalle, na soya cincin, ina ta zuba ido. Bayan isha'i yaro ya shigo, wai ana sallama da ni. Na feshe jikina da turare na fito zaure, sai ga mutumin naku hannu Rabbana. Ko barka bai ce min ba. Yana zama ya ɓalle da labarin Kano Pillars.

Wallahi kansa kamar kalanda. An kafa ta a 1990, da aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ci kofin lig a 2008, ta sake cin uku a jere, 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka. Duk na daure, sai da ya ce an haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Nan fa raina ya ɓaci. Ranar ɗan wasa tana bakinsa, amma tawa, ni da nake nan Yakasai, taku kaɗan daga filin wasa na Ƙofar Mata inda yake yini, ta ɓace masa!

Na ce, "Malam, tunda ka san tarihi, wa ya fara ciyo wa Nijeriya zinare a wasannin Olamfik?"

Ya yi murmushi ya ce su Kanu da Tijjani Babangida mana, a wasannin Olamfik na Atlanta ta Amurka, ranar 3 ga Agusta, 1996, da suka doke Ajantina 3 da 2.

Na ce ka faɗi. Ana gobe wasan nan, ranar 2 ga wata, wata mace 'yar sanda, Chioma Ajunwa, ta yi dogon tsalle na mita 7.12 ta karɓi zinare. Kuma ita ma 'yar ƙwallo ce, tana cikin tawagar matan Nijeriya da ta je gasar duniya a ƙasar Sin a 1991. Ashe ba tawa kaɗai kake mantawa ba, ranakun mata ne ba sa zama a kanka.

Ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Da na shiga gida na ba Inna labari, dariya ta yi ta yi, wai su a zamaninsu wa ya san ranar haihuwa, sai dai a ce shekarar kaza. Haka ne, Inna, amma ai ku ba a zo muku zance da ranar haihuwar wani ba.

Washegari ya aiko ƙanwarsa da atamfa da wasiƙar ban haƙuri shafi biyu. Na karɓa, ban dai ba da amsa ba tukuna. Bayan Babbar Sallah manya za su sa mana rana, kuma tuni na roƙi Inna ta raɗa wa Baba kada a kuskura a sa Lahadin da Pillars take da wasa a gida.