Bayan Kawu da Gonar da Aka Bari a Burkusuma

A makon jiya na je Sabon Birni gaishe da kawuna, wanda rikicin 'yan bindiga ya raba da Burkusuma. Na tarar da shi yana sallah a zaune, ya ɗaure ƙugu tamau da tsohon rawani. Wannan mutumin ne, yana da shekara sittin da ɗoriya, yake wuni da hauya a gonar gero, matasa na haki a bayansa. Da na tambaye shi jiki sai ya ce, "Ɗana, noma ne ya ci bayan nan."

Ban yi masa musu ba, domin ba a yi wa kawu musu a gaban jama'a. Duƙe na shekara hamsin yana da nasa alhakin. Amma ni zaman nan nake zargi.

A gefen ƙashin baya akwai dogayen tsokoki masu miƙar da mutum, a ƙarƙashinsu kuma akwai gajeru da likitoci ke kira maltifidus, masu riƙe gaɓa da gaɓa kamar yadda igiya ke riƙe darni. Daga shekara 30 jiki kan fara asarar tsoka, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, abin kuma yana ƙara gudu bayan 60. A 1989 ne Irwin Rosenberg na Amurka ya raɗa wa wannan zaizayar suna sakofiniya. A kwankwaso ɓarnar ɓoyayya ce: tsokar na sirancewa, kitse na kutsawa cikin zarenta, ta yadda daga waje baya na nan da faɗinsa, ƙarfin kuwa ya tafi. Nauyin da tsoka ta saki sai ya koma kan gaɓoɓi da faya-fayan guringuntsi.

Tsufa kan yi wannan aiki a hankali. Zama shi ne mai gaggawa. Wani bincike da aka buga a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana 10 kacal, suka rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa. To, ina ga manomin da ya yi damina biyu a kan tabarma? Ga shi shanun da ke ba shi nonon dama fura an kore su, rumbun wake an bar shi a can, alhali tsokar tsoho ta fi ta yaro buƙatar abinci mai gina jiki.

Ƙididdigar duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan wanda ya daɗe: ta ƙarfafa motsa jiki, ba ta goyi bayan ɗamarar ƙugu ba, ba ta kuma yarda da magunguna dangin tiramadol ba. Abin takaici, a wurinmu ɗamara da ƙwayar kemis su ne farkon abin da ake miƙa wa tsoho. Idan dai ciwon ya zo da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, wannan maganar asibiti ce a ranar.

Kafin in taho na saya masa akuya biyu da tiyar wake, na roƙe shi ya riƙa zuwa yankan ciyawa da kansa, yana takawa masallaci ko da sanda. Ya yi dariya, ya ce boko ya sa ɗan ƙanwarsa ya ɗauke shi aikin kiwo. Rawanin dai bai kwance ba.