Titin Dukawuya Ba Bakin Teku Ba Ne

Jama'a, a daina rufa-rufa. Wasan mota ya zama masifa a Kano, kuma babu wanda bai san 'ya'yan da ke yin sa ba, babu wanda bai san gidajen da motocin suke kwana ba.

Ranar ɗaukar amarya, suna nan. Ranar Sallah, suna nan. An gama jarrabawa, ɗan takara ya ci zaɓe, wata ƙungiyar ƙwallo ta Turai ta ɗauki kofi, duk suna nan. Yaro ko gemu bai fara ba, yana cikin ƙaramar jif, abokai sun zuro rabin jiki ta taga, wani yana riƙe da waya yana ɗauka. Sai ya nemi inda rairayi ya kwanta, ya take totur, ya murɗe sitiyari, ya fizgi birkin hannu. Mota ta yi juyi, ƙura ta turnuƙe, 'yan kallo su sa ihu.

Wai wannan shi ne burgewa.

Ina suka samo shi? A waya. Sun ga bidiyon masu hawa tuddan yashi a Dubai, sun ga masu sheƙa gudu a rairayin bakin teku, suka ce su ma sai sun yi. To amma tsakanin Kano da teku akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Da suka rasa teku sai suka koma wa abin da ke kusa: filayen makarantu, filayen Idi, gindin badala, da rairayin da ruwan sama ke sharowa ya zube a kan kwalta saboda magudanai sun toshe. Har yashin da mai gini ya sa tifa ta juye a rabin titi ya zama wurin gwada ƙwarewa.

Sun kwaikwayi wasan, sun bar dokar da ke tare da shi. A nan ne rashin kunyar take.

A ƙasar Ostireliya akwai tsibirin K'gari, wanda a da ake kira Fraser, tsibirin yashi mafi girma a duniya. Mota ba ta shiga sai da takardar izini. Bakin tekun nan a matsayin titi doka ta ɗauke shi: ba a wuce kilomita 80 a awa, a hanyoyin cikin tsibirin kuwa kilomita 30. 'Yan sanda suna tare direba a kan yashin su gwada ko ya sha giya.

A Daytona ta jihar Florida a Amurka, a kan rairayin bakin teku aka riƙa tseren mota har 1958. Da jama'a suka yawaita, sai aka gina filin tsere na musamman, aka koma can a 1959. Yau wanda zai tuƙa mota a wannan rairayi ba ya wuce kimanin kilomita 16 a awa. Mai keke ma yana iya wuce shi.

Afirka ta Kudu ba ta tsaya wani ja-in-ja ba. A 2001 ta kafa dokar hana shiga bakin tekunta da mota don nishaɗi. Daga cikin dalilanta har da tsuntsaye da kunkurun ruwa masu yin ƙwai a cikin yashi.

A ji fa. Wasu sun hana mota taka yashi don kada ta fasa ƙwan tsuntsu. Mu a nan, a kan hanyar da 'yan makaranta ke tsallakawa ake wasan. Ran ɗan talakan Kano bai kai ƙwan tsuntsu daraja ba ne?

Wani zai ce ai motar mai ja da ƙafa huɗu ce, ba ta santsi. Kallon kitse yake yi wa rogo. Ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi, ya fitar da ita idan ta kafe. Ba ya ƙara mata birki ko kaɗan. In aka zo tsayawa, ita da tsohuwar Golf duk tayoyi huɗu ne ke riƙe da su. Kuma kwaltar da rairayi ya rufe ta fi kowace hanya yaudara, domin taya ba ta kama kwaltar ba, ba ta kuma nutse a yashin ba, zamewa kawai take yi.

Ga lissafin da ba ya buƙatar digiri. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Kafin ƙafar direba ta bar totur ta isa birki, ya wuce ƙofar gida biyu. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninkawa sau huɗu. Yaron da ke kallon kyamara yana dariya, yaushe ya yi wannan lissafi?

Sannan ƙaramar jif doguwa ce, ƙafafunta kusa da juna, nauyinta a sama. An ƙera ta haka ne don ta tsallake rami da tudu a hankali. Murɗa mata sitiyari da gudu, taya ɗaya ta caki yashi ko ta daki gefen kwalbati, sai adungure. Wanda ya zuro jiki ta taga, shi motar ke fara dannewa.

Masu sanin yashi na gaskiya ba haka suke ba. A tambayi direbobin Agadas masu bin hanyar Dirku da Bilma. Kafin su shiga rairayi sai sun rage iskar taya don ta baje, ba sa yin kwana da ƙarfi don kada taya ta fita daga rim, ba sa taka birki a guje don kada gaban mota ya nutse. Suna ɗaukar shebur, da ruwa, da faranten ƙarfe na sa wa ƙarƙashin taya, kuma ba sa tafiya su kaɗai. Sun san yashi yana kisa, shi ya sa suke girmama shi. A tambayi direbobin da ke shiga ƙauyukan Yusufari a Yobe, inda mota mai ja da ƙafa huɗu ita ce ke kai mai naƙuda asibiti. A wurinsu kayan aiki ce. A hannun ɗan gata ta zama abin wasa.

Ko a sahara ma, inda babu kasuwa babu makaranta, ganganci bai bar kowa ba. A Tenere ta Nijar an yi wata bishiya da ta tsaya ita kaɗai, babu wata a kusa da ita sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ayarin gishiri sun yi zamani suna wucewa ta gefenta ba su karya ko reshe ba. A 1973 direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai yanzu, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Tseren motoci na Dakar, da ƙwararrun direbobi da likitoci da jiragen sama masu rakiya, ya kashe yara biyu 'yan kallo a 2006, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Idan haka ta faru a fili fetal, kuma a hannun ƙwararru, me ake jira ya faru a tsakiyar birni a hannun wanda ko lasin ba shi da shi?

A dubi hanyar da ta bi ta Gadon Ƙaya, ta Dukawuya, ta nufi Kabuga. Ɗaliban tsohuwar harabar Jami'ar Bayero suna tsallaka ta. 'Yan mata masu zuwa makaranta suna tsallaka ta. Ga almajirai, ga 'yan Islamiyya da yamma, ga masu turin ruwa, ga Adaidaita Sahu cike da mata da goyo, ga dattawa masu komawa gida bayan sallar Isha'i. Wanne a cikinsu aka tambaya ko ya yarda a yi caca da ransa?

Ganuwar da ke gefen hanyar nan, don tsare rayukan mutanen birni aka gina ta. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, a ƙarni na 17, aka faɗaɗa ta ta wannan ɓangare har zuwa Kabuga da Kansakali. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ke fatan UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Mu kuma mun yanka ta filaye, mun kwashe ƙasarta mun yi bulo, mun mai da sauran juji. Abin da ya rage na gindinta, yanzu shi ne fagen tayar da ƙura.

Amma yaran nan ba su ne manyan masu laifi ba. Yaro bai sayi mota ba. Bai sayi mai ba, a wannan tsadar da magidanci ke ajiye babur ya taka da ƙafa. Wani ne ya miƙa masa mukulli.

Wannan wanin kuwa mun san shi. Yana sahun gaba a masallaci. Shi ne mai yawan cewa tarbiyya ta lalace, 'ya'yan zamani ba sa jin magana. Ya ga tayoyin motarsa sun cinye cikin wata biyu, bai tambaya ba. An tura masa bidiyon ɗansa yana juyi a titi, ya yi murmushi ya ce ƙuruciya ce. Doka ta ce sai mai shekara 18 ke samun lasin tuƙi, shi kuma ya ba ɗan shekara 15 mota ya ce ai ya iya. Ran da aka kama yaron, kafin a gama rubuta sunansa waya ta yi ƙara.

Uwa ma ba ta fita ba. Ita ce mai ɓoye wa uban, ita ce mai cewa a bar shi ya huta, ita ce mai ba da kuɗin gyaran bamba a asirce.

Hukuma fa? Muna da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988. Muna da KAROTA mai kula da titunan jihar Kano. Muna da 'yan sanda, muna da Hisbah. Sallah ta sha zuwa da sanarwar hana tseren mota da kilisa. Sanarwa ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. To me ya sa ɗan Adaidaita da ya tsaya inda ba a tsayawa yake kwana da tara a wuyansa, amma jif mai baƙin gilashi, wani lokaci ko lamba babu, take juyi a tsakiyar titi ana kallo? Dokar ta san talaka ne kawai? In doka tana duba girman gida kafin ta kama mai laifi, ba doka ba ce, son kai ne.

Su kuma masu alhakin share titi da yashe magudanai, ina suke har rairayi ya mamaye kwalta daga damina zuwa damina? Mai ginin da ya zube yashi a hanya wata da watanni, wa ya taɓa ce masa kwashe?

Sai mu, 'yan kallo. Mu ne masu cika gefen titi. Mu ne masu ɗauka, masu turawa a TikTok da WhatsApp, masu rubuta wa yaro kirari. Ba don masu ihu ba, wa zai ƙona tayarsa a banza? Duk wanda ya tafa, da shi aka yi.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo bayan an yi ɓarna. An take yaro, an kai shi Asibitin Murtala ko Asibitin Ƙashi na Dala, ko kuma an wuce da shi makwanci. Sai manya su yi ayari zuwa gidan makoki da buhun shinkafa da ambulan. A zaunar da uban mamaci, a ce masa, Malam, haƙuri za ka yi, ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Talaka ya dubi manyan riguna, ya dubi maƙwabta, ya ce ya yafe. An kashe magana. Sati biyu motar ta fito daga gareji.

Mun yarda da ƙaddara. Amma yaushe ƙaddara ta zama wurin ɓuyan mai ganganci? Addinin da muke tutiya da shi bai bar ko kisan kuskure haka nan ba. Ya ɗora diyya ta raƙumi 100 ko kimarsu, ya ɗora kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Ko iyalan mamaci sun yafe diyya, kaffara tana nan a wuyan wanda ya yi kisan. Wannan ga wanda ya yi kuskure ke nan, balle wanda ya fito da niyyar wasa a inda ya san akwai mutane. Jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 2000, su nawa muka ji sun yi azumin nan? Yafiyar da aka karɓa da kwarjini da kunya, yafiya ce ko ƙwace?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato masu wasan da waɗanda suke takewa duk tsara ɗaya ne. 'Ya'yanmu ne ke kashe 'ya'yanmu, mu kuma muna ta neman kalma mai laushi.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. Motar da aka kama tana wasa a titi, a riƙe ta, a kai direban kotu, a haɗa da wanda ya ba shi mukulli. Jami'in da ya saki mai laifi saboda waya, a hukunta shi a bayyane. Masu unguwanni da dagatai su kira iyayen da sunansu, tun da sun san su. Limamai su faɗi hukuncin diyya da kaffara a kan mumbari ranar Juma'a, ko da mai motar ne ya gina masallacin. Angon da abokansa suka yi wasan mota a bikinsa, ya amsa tambaya tare da su. A kwashe rairayin da ke kan kwalta, a ci tarar mai zube yashi a hanya.

Masu kuɗin da suka nace 'ya'yansu sai sun yi tsere, su haɗa kuɗi su sayi fili a bayan gari, su kewaye shi, su ajiye motar asibiti, su sa doka, kamar yadda aka yi a ƙasashen da suke kwaikwayo. Wanda ya iya sayen jif ya iya sayen shinge.

Wanda kuma ya ƙi, to ya sani: duk jinin da ya zuba a titin nan yana wuyan wanda ya tuƙa, da wanda ya ba da mukulli, da wanda ya buga waya aka saki, da wanda ya gani ya yi shiru. Kowa ya duba inda ya faɗo a cikin huɗun nan.